Yadda ake rubuta wa yara labarin yaron da ya rasa gida: jagora ga malamai da iyaye Hausawan Sudan

Duk wanda zai zauna ya rubuta wa yaranmu na Sudan labari a kan rashin muhalli da tsangwama, ya fara sa abu guda a ransa: yaron da yake rubutu a kansa yana zaune cikin masu sauraro. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, waɗanda suka bar gidajensu sun haura miliyan 10. Bayan faɗuwar Madani a Disambar 2023, da wutar da ta kai jihar Sinnar a 2024, Gadarif da Kasala suka cika da baƙi, makarantu da yawa suka koma wurin kwanan iyalai. Idan ustaza ta buɗe littafi a gaban aji, da wuya a rasa yarinyar da ta kwana a kan tabarma ƙarƙashin allo, ko yaron da takalminsa ya tsinke a hanyar gudu. Da wuya kuma a rasa wanda ya yi musu dariya jiya. Labari ɗaya za ka karanta musu su duka, kuma dole kowannensu ya tashi daga wurin da mutuncinsa. Duk matakan da ke ƙasa daga wannan suka fito.

Zaɓi irin rashin gidan da za ka rubuta

Rashin gida ba iri ɗaya ba ne, kuma marubucin da ya gwamutsa su zai fito da yaron da babu irinsa a duniya. Akwai ɗan nazihin, wanda ya gudo tare da iyayensa, yana kwana a aji ko tanti ko rakuba, amma yana da uwa mai tsawata masa, kuma watanni kaɗan baya yana da ɗakinsa da kekensa. Akwai wanda ya sauka gidan kawu ko goggo, mutum ashirin a gidan da aka gina don bakwai; rufi yana kansa, amma ba shi da inda zai ajiye littafinsa, kuma 'ya'yan gidan suna tuna masa cewa shi baƙo ne. Akwai yaran titi da ake ce wa shammasa, waɗanda kasuwannin Khartum da Omdurman suka sani tun kafin yaƙi, masu kwana a baranda da gindin gada ba babba a kansu. Sai ɗan khalwa da aka kawo karatu daga nesa. Shi wannan yana da gida da iyaye da malami, kewa ce ke damunsa, kada ka sa shi cikin marasa gida don kawai ka gan shi da allo da ƙwarya.

Ga mai farawa, ɗan nazihin ko baƙon gidan dangi ya fi sauƙin rubutawa da gaskiya, domin kayan labarin suna kewaye da kai. Labarin shammasa yana jan abubuwa masu nauyi, shaƙar silisiyon (gam mai bugarwa) da duka da kamen 'yan sanda, kuma ba a taɓa su ga yaran da ba su kai shekara 11 ba. Idan ka tsabtace su don su dace da ƙananan yara, ƙarya ka yi. Idan ka bar su yadda suke, ka tsorata yaran. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Tattara kayan labari ba tare da tone gyambo ba

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka tara ƙananan abubuwa na zahiri kamar ashirin a takarda. Biyar ko shida kawai za su shiga labarin, sauran su ne za su hana ka yin kuskure. Ka nemi izinin uwa ko uba, ka zauna da su a inda suke, ka yi tambaya a kan kaya da tsarin yini. Da ruwan kharif ya sauko jiya da dare, ina aka ɗora tabarmi? Wa ke zuwa layin takiyya, wurin rabon dafaffen abinci kyauta, da bokiti, kuma ƙarfe nawa? Iyali nawa ne a ajin, da me aka raba tsakaninsu, da zani ko da teburan ɗalibai? Ina ake shanya kayan makaranta? Wane abu ɗaya yaron ya ɗauko daga gida?

Kada ka tambayi yaro abin da ya gani a hanya, ko wanda ya rasu. Ba aikin marubuci ba ne, kuma ba ka da abin da za ka rufe wurin da shi idan ya buɗe. Idan da kansa ya fara faɗa, ka saurara, ka ajiye biro, kuma kada abin ya shiga littafi. Duk abin da ka ɗauka ka canja masa suna da unguwa da gari, ka haɗa halayen yara uku su zama ɗaya, har uwar da ta ba ka labari ba za ta iya nuna ɗanta a ciki ba. Hoton yaro na gaske kuwa ba ya shiga, ko da iyayensa sun ce ba komai.

Tambaya ta ƙarshe a jerin nan, ta abin da ya ɗauko daga gida, sau da yawa ita ce ke ba da labarin gaba ɗaya. Mabuɗin ƙofa da aka rataya a wuya da zare, ko takardar sakamakon jarrabawa da aka naɗe cikin leda, ta fi shafi guda na bayanin baƙin ciki aiki.

Shekarun mai karatu, tsawon labari, da idon da za a gani da shi

Ga 'yan shekara 5 zuwa 7, kalmomi 300 zuwa 500 sun isa, matsala ɗaya, mutane uku. Ga 'yan 8 zuwa 10, kalmomi 600 zuwa 900 idan littafi ne mai zane, ko har 2,000 idan za a karanta musu a zama biyu ko uku. Mai karantawa a bayyane, yana tsayawa yana canja murya, yakan ci kalmomi kamar 100 a minti ɗaya, saboda haka labarin kalmomi 700 zai ɗauki minti bakwai, kuma wannan ne kusan iyakar haƙurin aji mai cunkoso da zafi. Jarumin labari ya girmi masu sauraro da shekara ɗaya ko biyu, don yara sun fi son bin na gaba da su.

Daga nan sai ka yanke ta idon wa za a ga labarin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki yaron gida mai wadata a mai da shi jarumi, a kawo marar gida ya tsaya a gefe da ido cike da hawaye, a ba shi riga, ya yi godiya, a tafa wa mai bayarwa. A irin wannan labari marar gida ba shi da buri, ba shi da wasa, ba ya fushi, ba ya iya komai. An mai da shi tsani ne don wani ya hau ya zama na kirki. Yarinyar da ke zaune a bayan aji za ta gane hakan kafin ka kai shafi na biyar, kuma za ta sunkuyar da kai.

Hanyoyi biyu ne suka fi aiki. Ko ka ba da labarin daga bakin marar gidan, ko daga wajen ɗan kallo, wato yaron da bai tsokana ba amma bai hana ba. Na biyun yana da amfani na musamman, domin mafi yawan yaran da ke sauraro a nan suke. Ko wanne ka zaɓa, ka rubuta wa marar gidan abubuwa uku a gefe: abin da yake so wanda ba gida ba ne ba abinci ba (a sa shi a ƙungiyar ƙwallo, ta riƙe matsayinta na ta ɗaya a lissafi), abin da ya iya fiye da kowa, da aibinsa guda. Yana da saurin fushi, ko tana da girman kai, ko yana ƙara wa gidansu na Madani bene biyu idan yana ba da labari. Yaron da ba shi da aibi yara ba sa yarda da shi.

Gina tsangwamar yadda take a zahiri

Ba kowane faɗa ne cin zali ba. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan wannan a Sweden da Norway tun daga shekarun 1970, ya kafa shi a kan abubuwa uku: ana yi da gangan, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba. Wannan ma'auni yana da amfani ƙwarai ga Bahaushe, domin muna da wasan taubasai da barkwanci tsakanin jika da kaka, inda ake jifan juna da magana a rabu ana dariya. Bambancin shi ne a wasa kowa yana da bakin ramawa kuma kowa yana iya cewa ya isa. Idan labarinka bai nuna wannan bambanci ba, mai tsangwama a aji zai ce ai shi ma wasa yake yi.

Christina Salmivalli, mai bincike daga Finland, ta nuna a 1996 cewa abin ba na mutum biyu ba ne: ban da mai yi da wanda ake yi wa, akwai mai taya shi, da masu dariya da ke ƙara masa ƙarfi, da masu kau da kai, da mai karewa. Ka sa waɗannan a labarinka ko da da layi ɗaya ɗaya. Dariyar aji ita ce abincin mai tsangwama, kuma ranar da aka hana shi ita, ranar abin ya fara mutuwa. Wannan ya ba ka ƙarshen labari da yaro zai iya kwaikwaya gobe da safe.

Ka bi tsarin tatsuniya, sau uku, kowanne ya fi na baya zafi. Na farko magana ce, a toshe hanci idan yarinyar da ta rasa gida ta wuce. Na biyu warewa: lokacin fatur, yara sun haɗa ful da ta'amiyya da burodi a kwano ɗaya kamar yadda aka saba, aka matsa aka rufe da'irar. A ƙasar da ko baƙon hanya ake ce wa bisimilla, hana mutum sa hannu a kwano ya fi mari ciwo, kuma yaran Sudan ba sa bukatar a fassara musu wannan. Na uku a taɓa abin da ta ɗauko daga gida. Ba ka bukatar jini ko duka.

A nan akwai tarkon da ke kama marubuta masu kyakkyawar niyya. Idan ka ƙirƙiro wa yarinyar laƙabi mai daɗin faɗa, ko waƙar tsokana mai amshi, kafin a tashi daga makaranta sun fita daga littafi sun shiga fili, kuma a kan wata yarinya ta gaske za su sauka. Saboda haka kada ka rubuta waƙar. Ka ce sun raɗa mata suna, ka nuna yadda kafaɗunta suka yi da ta ji shi, ka bar sunan a rufe. Haka nan kalmomin ƙabilanci. Yaranmu sun san yadda ake furta Fallata ko Takari a wani bakin da nufin raini, kuma ana iya taɓa wannan ga manyan yara a nuna zafinsa, amma kada littafin ya zama wurin koyon sabon zagi, kuma kada a ɗora wa wata ƙabila matsayin mugu. Ya fi gaskiya, ya fi amfani, mai tsangwamar ya zama ɗan unguwa, Bahaushe ɗan'uwanta.

Shi ma mai tsangwamar ka ba shi dalili, ba tare da ka wanke shi ba. Wataƙila angarib ɗinsa aka ba wa baƙi ya koma kwana a ƙasa, wataƙila shi ne alfa, wato shugaban aji, kuma na ɗaya a lissafi kafin baƙuwar ta zo. Yaron da ke irin wannan hali a ajinku yana sauraro. Idan ka zana shi dodo, zai ce ba shi ba ne, ya toshe kunne.

Alherin da ke da tsada

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Alherin da yaro zai koya daga labari sai ya cika sharuɗɗa: ya ci wa mai yinsa wani abu, kamar kujerarsa a cikin abokai, kada ya kunyata wanda aka yi wa, kuma ya tafi ya dawo, kowa ya ba wa kowa. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma yaro yana iya cutarwa da kyautarsa ba tare da ya sani ba. Mafi kyawun dabara ita ce yunƙurin farko ya lalace. Ga misali, a ce labarin Zainabu ne, 'yar Gadarif, da Hauwa da suka gudo daga Madani:

Aka kaɗa ƙararrawar fatur, kowa ya buɗe ledarsa. Hauwa ta tafi wajen zir, ta sha kofi ɗaya, ta ƙara na biyu, ta tsaya tana ɗauraye kofin da ba shi da datti. Jiya ma haka ta yi. Zainabu ta ɗaga hannu ta ce da ƙarfi, "Ustaza, Hauwa ba ta da fatur, ga nawa ta ci!" Duk aji ya juyo. Hauwa ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Na ƙoshi." Washegari kujerarta ba kowa.

Lura da abin da ba a faɗa ba. Ba a ce tana jin yunwa ba, ba a ce ta ji kunya ba. Kofi na biyu da ɗaurayar banza sun faɗa, kuma ɗan shekara takwas zai gane, zai kuma ji daɗin cewa shi ya gano da kansa. Daga nan Zainabu ta koma gida da haushi:

"Kaka, na ba ta abincina ta ƙi."
Kaka ba ta ɗago daga dama godogodo ba. "A gaban wa kika ba ta, 'yar nan?"

Iyakar abin da babba zai faɗa ke nan. Tambaya ɗaya, sauran aikin na yarinya ne. Idan Kaka ta ci gaba da jawabi layi goma a kan falalar ciyarwa, ta ƙwace labarin, kuma yara za su fara wasa da yatsunsu. Yunƙuri na biyu sai ya bi ta abin da Hauwa ta iya: Zainabu ta je har ajin da su Hauwa suke kwana, ta tsaya a ƙofa ta yi sallama kamar yadda ake yi a kowane gida, ta roƙe ta ta koya mata rabawa mai tsawo. Suna zaune gindin dogonyaro, burodi yana tsakaninsu, ba wanda ya ambace shi. Sallamar nan a ƙofar aji ita ce mafi girman alheri a cikin labarin, domin ta mai da wurin gida. Sai kuma tsadar: gobe a fili, da aka sake toshe hanci, Zainabu ba ta yi dariya ba, ta tashi daga da'irar ƙawayenta ta koma kusa da Hauwa, kuma kwana biyu ba mai yi mata magana.

Ayoyin da suka dace da wannan fage sanannu ne: ta 11 a Suratul Hujurat a kan izgili da jifan juna da laƙabi, ƙarshen Suratud Duha a kan maraya da mai roƙo, da yadda mutanen Madina suka karɓi Muhajirai. Yaran khalwa sun haddace wasunsu. Ka ajiye su a shafin tattaunawa na ƙarshe, ko ka bar ɗaya ta fito daga bakin wani a wurin da ta dace, kada ka tsayar da labari don wa'azi. Akwai kuma tarihinmu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau, wasu kuma hanyar hajji ce ta ajiye kakanninsu a nan. Kakar da za ta ce wa jikarta "mu ma da ƙafa muka zo" gaskiya ta faɗa, kuma layi ɗaya ya wadatar.

Ƙarshen da yaro zai yarda da shi

Kada a gano cewa mahaifin Hauwa attajiri ne a Jidda. Kada yaƙi ya ƙare a shafin ƙarshe, kada wani alhaji ya ba su gida. Yaron da ke kwana a aji zai jira nasa alhajin, kuma irin wannan ƙarshe yana koya wa sauran cewa an daraja ta ne don ashe 'yar gata ce. Kada kuma maciji ya sari mai tsangwama, ko ustaz ya zane shi a gaban aji kowa ya yi ta murna, don wannan ma cin zali ne da aka juya. Abin da zai canja ya zama daidai ƙarfin yara: da'irar fatur ta buɗe, abin da aka ƙwace ya dawo, mai tsangwama ya yi maganarsa ba wanda ya yi dariya. Ba lallai ya nemi gafara da baki ba. Ya matsa ya ba da wuri, yara sun san ma'anar wannan. Amma ka tabbata akwai babba ɗaya a labarin da aka gaya wa kuma ya ɗauki mataki cikin hikima, don kada yaro ya tashi da fahimtar cewa kai ƙara tsegumi ne.

Harshe da rubutu

Yawancin yaranmu suna jin Hausa a gida, suna karatu da Larabci a makaranta, kuma ba a koya musu boko ba. Ka yanke tun farko: idan babba zai karanta musu ne, boko ya wadatar muddin shi ya iya. Idan yaran za su riƙe littafin da kansu, ajami ya fi kusa da su, tare da cikakken wasali a kan kowane harafi. Sai dai ajami yana da wurin tuntuɓe. A al'adar rubutunmu ana rubuta sautin g da gainun, ƙ da ƙafun, ɗ da ɗa mai hannu, alhali yaron Sudan idan ya ga ƙafun g zai furta, kamar yadda ake yi a Larabcin kasuwa. Sai ya karanta ƙafa ya ce gafa. Maganinsa shi ne rabin shafi a farkon littafi mai nuna haruffa biyar ko shida masu rikitarwa, kowanne da kalma da ɗan zane, sannan ka tsaya a kan tsari ɗaya har ƙarshe.

Kalmomin Larabci da yaran ke amfani da su kullum, fatur, zir, ustaza, takiyya, raksha, ka bar su. Idan ka musanya su da Hausar Kano da ba su taɓa ji ba, labarin zai zama na wasu yara a wata ƙasa. Jimla kada ta wuce numfashi ɗaya. Ga ƙanana kana iya buɗewa da "Ga ta nan ga ta nanku" ka jira su amsa, amma ka sani wannan buɗewa alkawari ne na tatsuniya, za su sa ran Gizo ko abin mamaki. Ga ƙananan ma sa dabba a matsayin jarumi yana da fa'ida: kurciyar da guguwar habub ta rushe wa sheƙa tana ba yaron da abin ya shafa damar saurare daga nesa, ba wanda zai juyo ya kalle shi.

Shimfiɗa shi a shafuka

Littafi mai shafi 24 shi ne mafi sauƙin haɗawa da injin kwafi. Shafi na 1 da na 24 bango ne, na 2 na suna da jagorar haruffa, na 23 na tambayoyi, saura 20 na labari, kowanne kalmomi 30 zuwa 40. Shafi 3 zuwa 5 a san yaran da wurin. 6 zuwa 11 tsangwama sau uku. 12 zuwa 14 alherin da ya lalace. 15 da 16 kujerar da ba kowa, a nan ka rage kalmomi ka bar zane ya yi magana. 17 zuwa 20 gyara da tsadarsa. 21 da 22 rufewa. Abin da zai sa a ƙosa a juya shafi ka ajiye shi a ƙasan shafuka masu lamba mara, wato 5, 7, 9 da sauransu, don su ne ake juyawa.

Gwada shi kafin ka buga

Ka karanta wa yara biyar ko shida da ba 'ya'yanka ba, kana kallon fuskokinsu, biro a hannu. Inda suka fara motsi, ka ja layi, wurin ya yi tsawo. Inda suka yi dariya a lokacin da ake tsangwama, matsala ce babba: ka ba wa mugun layi mafi daɗi, sai ka dusashe shi. Bayan ka gama kada ka tambaye su darasin da suka koya, za su ba ka amsar da suka san malamai na so. Ka ce su maimaita maka labarin. Abin da suka manta bai yi aiki ba. Ka tambaye su wa suke so su zama. Idan ba wanda ya zaɓi Hauwa, har yanzu abar tausayi ce kawai, ka koma ka ƙara mata iyawa da ban dariya. Sannan ka ba wa uwa ɗaya ko biyu daga cikin nazihin su ji shi su kaɗai, ka tambaye su ko akwai layin da ba za su so a karanta a gaban ɗansu ba. Abin da suka nuna ka cire, ko da shi ne layin da ka fi so.

Ga mai karantawa a aji, a rubuta gargaɗi a shafi na 23: kada a kalli wani yaro yayin karatu, kada a ce "kamar wance", kada a nemi wani ya tashi ya ba da nasa labarin. Tambayoyin su tsaya a kan mutanen littafi: me ya sa Hauwa ta ce ta ƙoshi? Wa ya yi dariya, wa ya yi shiru?

Bugawa da ɗaukar murya

Takardar A4 shida, gaba da baya, a naɗe su biyu, su ne shafi 24. Kafin ka je wajen mai kwafi, ka naɗe fararen takardu shida ka sa musu lamba da fensir, sannan ka warware ka ga wane shafi ke zama kusa da wane. Lambobin kowane shafi biyu da ke gefe ɗaya za su haɗa 25: 24 da 1, 2 da 23, haka har tsakiya. Idan ajami ne littafin ta dama yake buɗewa, don haka gwajin ma ka naɗe shi ta dama, in ba haka ba duk shafukan za su fito a juye. Rim ɗaya mai takarda 500 zai ba ka kwafi 80 da 'yan ragowa na ɓarna. Harafi ya zama babba, 16 ko 18, ajami ma ya fi haka don wasali ya fito.

Zane ya zama na layi da baƙin alƙalami, ba inuwar fensir, domin injin kwafi yana mai da toka-toka baƙin dabbare, fuskokin yara su ɓace. A bar wa yara su shafa launi da kansu. Ka gaya wa mai zane kada ya sa wa Hauwa tsumma da ƙudaje. Kayanta wankakku ne, sun ɗan yi mata kaɗan, silifas ɗinta an ɗaure da waya. A ɗinke tsakiya da zare ta huji uku, ya fi ƙusar maƙala daɗewa a hannun yara, a manna salatif a gindin bango.

Inda takarda ta yi tsada, murya ta fi isa nesa. A ɗauka da waya da dare bayan an kashe janareta, a ɗaki mai katifa da kaya don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, wayar tana taki ɗaya daga baki. A tura shi a matsayin saƙon murya ta WhatsApp, wanda ba shi da nauyi kuma yana sauka ko da intanet ta yi rauni. Idan ya wuce minti bakwai a raba shi biyu, a yanke daidai wurin da kujerar Hauwa ta kasance ba kowa, a tura kashi na biyu washegari.